Ranar Da Inna Ta Taka Iyakar Gonar Iska

Mahaifiyata ba ta sayen abin da ba ta taka ba. Ko tabarma ce, sai ta shimfiɗa ta a gaban mai ita, ta cire takalmi, ta hau da ƙafa biyu, ta ɗan jujjuya a kai, sannan a fara ciniki. Mu 'ya'yanta mun sha jin kunya a kasuwar Damagaram saboda wannan hali, ita kuwa ko a jikinta. Na faɗi wannan tun da farko ne don kada a ɗauka abin da ta yi a shekarar fari rikicin tsufa ne. Haka Allah ya yi ta.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda fara ta biyo bayan fari. Ruwa ya ɗauke gero bai gama fitar da kai ba, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauko ta share shi. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, ta 'yan mata a cikin Birni, ina da aure da 'ya ɗaya. Kowane mako sai in tarar wani benci ya zama wayam, an tafi da yarinya wurin dangi inda ake sa ran tuwo. Matan ƙauye suka cika bakin kasuwa da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Mutanen da a da suke kawo mana gero kyauta, su ne suka koma tsayawa a ƙofar gida suna sallama da ƙaramar murya.

Inna ba manomiya ba ce. 'Yar birni ce, jikar fatake, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk abin da ta tara a duniya shanu ne, suna hannun wani Bafillatani da ya gaji kiwonsu daga mahaifinsa. Tushen garken kuwa karsana ce ja mai farin goshi, wadda kakata ta ba ta ranar aurenta. A gidanmu haka ake yi: uwa ta ba 'yarta karsana daga tsatson wadda ita ma aka ba ta, kuma kusan kullum sai an samu mai farin goshin nan a cikin haihuwa. Tawa ta mutu tun farkon farin. Saura ɗaya tak mai wannan alama, tsohuwar saniya, kuma Inna ta riga ta gaya wa kowa cewa karsanar auren 'yata daga cikinta za ta fito. Yarinyar a lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama zubarwa ba, amma an riga an yi mata saniya.

Da ciyawa ta ƙare, makiyayin ya kora shanun kudu, wajen wata rijiya kusa da kan iyakar ƙasa. Kafin ya tafi na ba shi tsohuwar wayata ta salula. Muka yi da shi cewa kowace Lahadi bayan la'asar, in ya kai shanu ruwa, zai kira, don rijiyar tana gefen kwalta kuma waya tana kamawa a wurin. Inna ba ta taɓa yarda ta riƙe tawa wayar ba. Cewa take ba ta magana da mutumin da ba ta ga idonsa ba. Sai ta zauna kusa da ni tana ba da saƙo, ni ina maimaitawa, in ya amsa in juyo in gaya mata, alhali da kunnenta ta ji. Labarin kowace Lahadi ya fi na baya muni. A ta ƙarshe ya ce mai farin goshi ta fara jan ƙafa.

A cikin wannan hali kawuna ya zo da maganarsa. Ƙanen Inna ne, shi ne autansu, kuma da furfurarsa da komai Auta take ce masa. Ya yi aikin gidan waya tun zamanin da ake buga saƙo da yatsa, har ya ajiye aiki. Yatsan nan bai ajiye ba. In yana tunani sai ka ji shi yana ƙwanƙwasa gefen kwano, ƙwas-ƙwas, kamar yana aika wa wani labari a Yamai.

Ya zauna a tabarmar tsakar gida, ya sha ruwa, ya ce tsofaffin abokan aikinsa da wasu 'yan kasuwa sun haɗa kai za su sayi kaso a wani kamfanin salula, kuma akwai sauran wuri.

"Yaya, shanun nan kullum zubewa suke. Ki sayar tun suna iya kai kansu kasuwa da ƙafarsu, ki shiga cikin wannan abu."

"In sayar da shanu in sayi me? Wancan dogon ƙarfen na bayan tasha, mai jar fitila a ka?"

"Ƙarfe ba komai ba ne. Ƙarfen garma ce kawai. Gonar tana sama."

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Ke, ɗebo masa wani ruwan. Rana ta taɓa shi."

Kawu bai yi fushi ba. Ya jawo rediyonta, wadda take ratayewa a ƙusa kusa da turmi, ya kunna. Wani yana karanta sanarwa. Ya murɗa kaɗan, sai kiɗa. Ya ƙara murɗawa, sai wani yana Faransanci.

"Yaya, duk waɗannan yanzu suke magana, a lokaci ɗaya, a cikin tsakar gidan nan. Me ya hana su faɗa wa juna a baki?"

"Ina na sani? Ladabi."

"Kowa da fegin da aka yanka masa. Iskar nan da kike gani yankakkiya ce, kamar gonakin Tirmini. A da Sarki ke yanka wa mutum fili, yanzu gwamnati ke yanka wannan. Kuma ba shi da yawa. Fegin da magana take tafiya nesa a cikinsa, ta ratsa bango, ta haura tudu, ɗan kaɗan ne a duniya, ba a kuma ƙera sabo. Kamfanin nan ya sayi izinin fegi mai kyau na shekaru masu yawa. Ba wanda ya isa ya shuka magana a ciki sai shi. In ƙarfe ya faɗi a kafa wani. Fegin shi ne dukiyar. Ba ya jiran ruwa, fara ba ta ganinsa."

Ni da nake zana wa 'yan mata wannan abu a allo kowace shekara, da alli, layi mai hawa da sauka, ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar. Na dubi sararin da ke tsakanin katanga da bishiyar darbejiya, inda ba komai sai ƙuda, na tuna cewa cike yake. Wani yana gaya wa uwarsa ya sauka lafiya, wani yana tayin buhun masara, wata tana kuka, duk suna wucewa ta kan turminmu, ta cikin ƙirjina ma, ban sani ba. Gaskiya tsoro na ji, irin wanda mutum yake ji in ya leƙa rijiya mai zurfi.

Inna ta tambayi halaccin abin. Kawu ya ce ya riga ya je wurin malamin unguwa, malam ya yi bincike ya ce izini ne sananne mai iyaka, ana sayensa ana sayarwa, ba caca ba ne. Ta ci gaba da murza ƙuli a faranti. Can ta ce:

"Gona ka ce?"

"Gona, Yaya."

"To ba a sayen gona a zaune. Sai na taka iyaka."

Wanda bai san ƙasarmu ba, ga yadda abin yake. In za ka sayi gona, ranar ciniki kai da mai gona da shaidu za ku zagaya ta da ƙafa, daga kusurwa zuwa kusurwa. A inda ta ƙare a dasa aguwa, itacen nan mai farin ruwa da ake yanko reshensa a soka a ƙasa ya kama. Sannan a raba goro, kowa ya tauna, ya zama shaida. Mahaifin su Inna ya taɓa sayen gona a kan maganar baki, ya mutu ana shari'a, shi ya sa duk 'ya'yansa suka tashi da wannan karatu.

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Sai kuma ya tsaya. Yatsan ya fara ƙwas-ƙwas a gefen kwano.

"Tana da iyaka kuwa," ya ce a hankali. "Izinin ya game ƙasar duka, amma inda aka share aka fara nomawa ya tsaya a wani wuri. Gaba da nan daji ne tukuna. Ni kaina ban taɓa zuwa na gani ba."

"Ka ga irinta. Dillalin da bai san bakin gona ba."

Aka sa Lahadi, don ranar ce kasuwar Mirriya take ci, mota ba ta wuya. Inna ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta ƙulle goro a gefen mayafi, ta cika buta da ruwa, ta sa aka yanko mata reshen aguwa daga shingen maƙwabta. A cikin ƙaramar bas wani ya tambaye ta inda za ta da itace, ta ce gona za ta duba. Ya ce, "Hajiya, a wannan shekarar?" Ta ce, "Tawa ba ta ƙasa ba ce." Mutumin ya matsa gefe.

Hanyar ba ta da daɗin kallo. Gonaki dama da hagu fari fat, ko karan da ake bari bayan girbi babu, an tsince an ba dabbobi. Nan da can gawar jaki ko ta saniya, fata ta manne da ƙashi. Don in ɗauke mata hankali na nuna mata fuskar wayar, na ce waɗannan 'yan sandunan da ke tsaye a kusurwa su ne ke nuna ƙarfin rezo, wato kamun waya. In suna da yawa muna tsakiyar gona, in suka ragu mun doshi baki. Ta ƙura musu ido ta ce ai kara ne. Daga nan har muka sauka ba ta daina tambaya ba: "Kara nawa yanzu?"

A Mirriya muka ɗauki amalanken jaki muka bi hanyar yashi ta wajen Zermu. Karan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ɗaya ya dawo, Inna ta ce ya yi toho. Kawu yana zaune a baya, hularsa ta karkace, yana ta bayanin da ba wanda yake saurara. Da ya rage saura kara ɗaya, mai amalanken ya nuna wani tudu a gabanmu da bulala, ya ce, "Can ne ƙarshenta. Kowa ya sani."

Tun daga nesa na ga mutane. Tudun yashi ne, a kansa busasshen gawo, kuma cike yake da jama'a a tsaye, wasu hannu a kunne, wasu a layi. Hanyoyin ƙafa sun taso daga kowace kusurwa sun haɗu a kansa, sababbi, tatattaka, a shekarar da hanyoyin gona duk yashi ya rufe su. Wani mutum yana zaune a gindin gawon da wayoyi biyu yana ba da haya. Yawancin masu jira mata ne, mazansu da 'ya'yansu sun tafi cin rani sun bar su da yara. Wata tsohuwa ta juya fuskarta kudu tana magana da iya ƙarfinta, don ɗanta yana kudu, a ganinta haka zai fi ji. Wata kuma ta karɓi wayar, aka ce alo daga can, sai ta kasa cewa komai, tana ta hawaye, mai haya yana ce mata, "Yi magana mana, baiwar Allah, lokaci yana tafiya."

Mun tsaya a ƙasan tudun muna kallo. Ƙasar duk ta mutu, ba tsuntsu, ba ganye, ga wannan wuri ɗaya yana ta hayaniya da sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu abin gani. Ba rijiya, ba rumfa, ba kabarin waliyyi. Mutane ne kawai suka gano cewa a daidai nan, ba can ba, muryar wanda ya tafi tana saukowa.

"Auta," in ji Inna, "wannan ce gonar?"

"Gefenta ne, Yaya."

"Ana girbi kuwa."

Bulama, wato mai garin ƙauyen da ke bayan tudun, yana zaune a kan buzu yana kallon jama'arsa. Inna ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa abin da ya kawo ta ba tare da ta rage komai ba: za ta sayi kaso a gonar iskar nan, ta zo taka iyaka, tana neman shaidu. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Bulama ya dube ta, ya dubi aguwar da ke hannunta, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Hajiya ta yi daidai. Bisimilla."

Haka muka fara. Inna a gaba ba takalmi, ni a bayanta na ɗaga waya sama ina faɗin akwai ko babu, sai bulama da Kawu, sai duk wanda ya gama kiransa ya biyo mu. Da farko ana 'yar dariya. Kafin mu zagaya rabin tudun an daina, kowa ya shiga aikin da gaske. Wannan ya ce a matsa wajen waccan sabarar, a nan ya samu ƙanensa ranar Juma'a. Waccan ta ce a'a, bayan ramin nan ba ta taɓa kamawa ba. Iyakar ba miƙaƙƙiya ba ce. Ta bi kan tudu, ta faɗa kwari ta ɓace, ta sake ɓullowa a wani ɗan tsibiri da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Bulama ya ce da safe takan kai har bakin tsohuwar rijiya, in rana ta take sai ta ja baya.

"Iyaka mai yawo," in ji Inna. "Auta, wannan a gaban alƙali ya za a yi da ita?"

"Gaba take ci, Yaya, ba baya ba. Duk dajin can nata ne, sharewa ce ba a yi ba."

Ta dubi inda ya nuna. Fili ne har iyakar gani, ƙauyuka a warwatse, kowanne da mutanen da suke da wani a nesa.

A inda karan ƙarshe ya ɓace ta tsaya. Ta taka gaba, na ce babu. Ta dawo, na ce akwai. Ta sake yi. Sannan ta miƙa hannu ta shafa sararin da ke gabanta a hankali, kamar mai neman ƙofa a ɗaki mai duhu. Ta ce iskar duk ɗaya ce, ba ta ji bambanci ba. Ta faɗe shi ba da raini ba. Muryarta ta yi ƙasa, irin yadda take yi in ana karatun Alƙur'ani kusa da ita.

Muka yi la'asar a nan, a waje da iyaka, da taimama don a bar ruwan buta. Ina sallamewa na tuna yau Lahadi, makiyayi yana can yana nema. Na tashi da sauri na koma ciki. Ban gama tsayawa ba wayar ta fara ƙara.

Muka gaisa a gurguje. Na ce ya ba ni labari in gaya mata, kamar kullum. Ya ce a'a.

"Madam, yau ba ke ba. Ba ni uwar ɗakina. Maganar mai dabba ce."

Na ce ai ya san ba ta riƙe waya. Ya ce ya sani, amma zai jira. A bayan muryarsa ina jin ƙarar guga da kukan shanu. Na juya na gaya wa Inna. Ta dube ni, na ga ta gane kafin in gama. Makiyayi ba ya sa wa dabbar amana wuƙa da ra'ayin kansa in akwai yadda zai ji daga bakin mai ita. A da, in abin ya zo a daji, shi kaɗai yake yanke shawara, daga baya ya kawo fata a matsayin shaida, ya yi ta rantsuwa, mai dabba ya ce ya yarda ko da zuciyarsa ba ta kwanta ba. In kuwa ya tsaya jira ta mutu da kanta, ta zama mushe, ba mai ci.

Inna ta goge hannunta a zane. Ta tako ta shigo iyaka, ta karɓi wayar da hannu biyu, na gyara mata ita a kunne. Ta yi sallama. Ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da rana, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shi ma ya amsa duka. Sannan ya faɗa. Wayar tana da ƙara, na ji komai. Mai farin goshi ta kwanta tun jiya. Sun sa itace sun ɗaga ta, ƙafafun suka ƙi. Tun safe kanta yana kan cinyarsa. Ba za ta kai magariba ba.

"Tana jin magana?" in ji Inna.

"Tana ji."

"Kai mata abin nan kunne."

Sai ta kira ta. Ba da suna ba, da wani ɗan sauti na leɓe da harshe wanda ban taɓa jin ta yi ba, ashe da shi take kiranta tun tana 'yar maraƙa, lokacin da aka kawo ta gidanmu ta yi jinyar ƙafa. Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu. Daga can ƙasar da ba mu gani, ta cikin iskar da ba komai a cikinta, sai ga amsa. Ba kuka ba ne sosai, wani gurnani ne gajere, sai numfashi mai nauyi yana shiga yana fita. Tsohuwar nan mai kallon kudu ta dafe bakinta. Ni kuwa na share ido, ban san ko don saniyar ba ne ko don abin da ya kawo muryarta.

Inna ta saurara har ta ƙoshi. Sannan ta ce ya mayar da wayar kunnensa.

"Yanka ta da sunan Allah. Na yafe, ba ka da laifi. Naman a raba wa mutanen bakin rijiya. Goshin ka kawo mini." Ta gyara wayar a kunne. "Sauran ka kora su kasuwa tun suna tafiya. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe, taka ce."

Na miƙa hannu in karɓi wayar in kashe, ta kauce. Ba ta sauke ta daga kunne ba. Ta tsaya a nan, idonta a buɗe, tana kallon fili, har aka yi bisimilla a can, har aka gama. Na ga lokacin a fuskarta.

Bayan haka ta nemi fartanya. Wani ya ruga ƙauye ya kawo. Ba ta bar kowa ya taya ta ba. A daidai inda take tsaye ta haƙa rami, ta soka aguwar, ta taka gindin da diddige, ta juye mata ruwan butar duka, mu da za mu sha a hanya ko oho. Ta kwance goro ta ba bulama ya raba, aka ɓantara ƙanana-ƙanana don ya isa.

"Ku shaida na taka," ta ce.

"Mun shaida," in ji bulama, jama'a suka amsa.

Ta juya wurin Kawu, wanda ya cire hula yana share ido da ita. "Auta, saya."

Ba zan ce abin ya mayar da mu masu arziki ba. Wata shekara a samu, wata shekara shiru, kamfanin ma ya sauya hannu ya sauya launi, Inna tana cewa gona ce, haka gona take. Iyakar kuwa ta ci gaba kamar yadda Kawu ya faɗa, ta wuce Zermu ta yi gaba, har mutane suka daina hawa tudun don waya tana kamawa a cikin ɗakunansu. Aguwar ta kama. Na je na gan ta bayan shekaru, ta yi kauri, tana tsaye a tsakiyar gonar da a da take bakinta. Makiyayi ya kawo goshin a naɗe cikin tsumma, fata ja da farin tabo a tsakiya. Ranar auren 'yata Inna ta damƙa mata shi a hannu tare da kasonta na kamfanin, ta ce ga karsanarta, ta yi haƙuri ba a tatsa.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne komawarmu gida a ranar. A cikin bas ba ta mayar mini da wayar ba. Ta ɗora ta a cinya ta rufe da tafin hannu biyu, ba ta tambayi kara nawa ba ko sau ɗaya. Yatsan Kawu ma ya daina ƙwas-ƙwas. Sai da duwatsun Damagaram suka ɓullo a gabanmu, rana tana shirin faɗuwa, ta yi magana, ba ta dubi kowa ba.

"Tun tana 'yar maraƙa," ta ce, "ban ƙara jin numfashinta kusa da ni haka ba."